Gwajin sabon maganin kansa: yadda ake nema da abin da za ka tambaya kafin ka sa hannu

Ranar da likita ya ce ma Gwaggona, "Hajiya, akwai wani bincike da ake yi kan sabon magani, in kin yarda sai mu duba ko kin dace da shi," bai ma rufe baki ba ta ja mayafinta ta ce, "Likita, ni za a maida zakaran gwajin dafi? Ɗan nan tashi mu tafi." Wallahi haka muka fito daga asibitin da aka tura mu, har muka hau mota muka kamo hanyar Katsina ba ta ƙara tanka maganar ba. Ni kuma abin ya tsaya mani a rai, ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni a Daura ina ƙarami, ga kansar mama ta kama ta, ga kuɗi sun fara ƙarewa. Sai na duƙufa karatu da damun likitoci da tambaya kusan wata biyu. Abin da na tattaro ne zan zube nan, don na lura mutanenmu kashi biyu ne, akwai masu gudun gwaji kamar sun ga kura, akwai kuma masu sayar da gona su bi duk wanda ya ce masu ga sabon magani a ƙasar waje, kuma dukansu asara suke tafkawa.

Tsoron Gwaggo ba daga sama ya faɗo ba. Duk ɗan Arewa da ya yi wayo a 1996 ya san abin da ya faru a Kano lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi masu bayanin cewa gwaji ake ba, kamfani ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabon har yau bai goge ba, shi ya sa ma rigakafin shan inna ya sha wuya a 2003. To amma abin da mutane da yawa ba su sani ba, bayan nan an sa takunkumi. Yanzu kafin a gwada magani kan mutum a Najeriya sai NAFDAC ta ba da izini, sai kuma kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, akwai na ƙasa da ake kira NHREC ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya mai kundin ƙa'idoji tun 2007, sannan manyan asibitocin koyarwa kowanne da nashi kwamitin. Ka riƙe sunayen nan biyu, za su yi maka amfani nan gaba.

Kuma fa duk maganin da ake ɗura ma mara lafiyarka yau, kimo ɗin nan da ake sa mashi a ruwa, wasu ne aka gwada shi a kansu shekarun baya. Kansar nan da ke kumbura ma yara muƙamuƙi, wadda Denis Burkitt ya yi bayaninta a Yuganda a 1958, a Afirka aka gano cewa kimo na narkar da ita, kuma cikin waɗanda suka yi aikin har da Victor Ngu da ke Ibadan a lokacin, wanda ya samu kyautar Lasker a 1972. Maganin Glivec na wata kansar jini kuwa, da aka fara gwada shi a Amurka a 1998, cikin mutum 54 da suka sha isasshen magani, mutum 53 jininsu ya daidaita, 2001 aka amince da shi. Amma kada wannan ya ruɗe ka, irinshi ba su da yawa. A shekarun 1990 dubban mata masu kansar mama a Amurka sun sha azabar kimo mai tsananin ƙarfi haɗe da dashen ɓargo don kowa ya ɗauka sabon abu ya fi, da aka kammala gwaje-gwaje na tsanaki sai aka ga bai ƙara masu kwana ba kan maganin da aka saba. Mafi yawan magungunan da ke shiga gwaji ba su ma kai wa kasuwa. Don haka in ka ji "sabo" kada ka fassara shi da "mafi kyau", ma'anarshi kawai ba a gama sani ba tukuna.

Abu na farko da za ka yi, kuma nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa tun ba a fara ba: ka san takamaiman sunan ciwon. "Ciwon daji" ko "sankara" ba suna ba ne a wajen masu bincike, kamar ka je tasha ne ka ce a ba ka motar kudu. Sai an yanki 'yar tsoka an kai lab, abin da suke ce ma bayofsi, kuma na san camfin da ake yi cewa in ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake, wannan camfin ya kai mutane da yawa kushewa don kafin su yarda a yanka ciwon ya yi nisa. Rizal ɗin shi zai faɗi irin kansar. In ta mama ce akwai ƙarin gwaji da ke nuna wasu alamomi a ƙwayoyin kansar da ake ce ma ER da PR da HER2, kowanne a ce akwai ko babu, kuma wannan ne ke raba wanda wani magani zai ma aiki da wanda ba zai ma ba. Misali Herceptin da aka amince da shi a 1998, mai HER2 kawai yake ma amfani, a ba wadda ba ta da shi ɓarnar kuɗi ne. Sannan ka san mataki na nawa ciwon yake, 1 zuwa 4.

Ka samu jaka guda ka tara komai: rizal na bayofsi, hotunan sikanin da faifansu, gwajin jini, sunan duk maganin da aka taɓa ba shi da ranar da aka ba shi da sau nawa, in an yi gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sau nawa aka yi. Ka ɗau hoton kowace takarda a waya ka tura ma wani ɗan uwa don ko ta ɓace. Wani abu da ban sani ba sai da aka tambaye ni, tsokar da aka yanka ba zubarwa ake ba, ana daskarar da ita cikin ɗan kaki mai kusurwa huɗu suna ce mashi bulok, kuma masu gwaji kan buƙace shi su sake aunawa da kansu. Ka tambayi lab ɗin da aka kai tsokar lambar bulok ɗin da yadda ake karɓo shi in buƙata ta taso.

Daga nan sai nema. Ƙofa ta farko bakin likitan kansa ne, babban likitan nake nufi, kwansaltan, ba wanda ke rubuta kati ba. Ka ce mashi kai tsaye, "Ranka ya daɗe, akwai wani gwajin magani da ya dace da irin ciwonta, nan ko wani asibitin?" Ba rashin kunya ba ne, kuma ba za su ƙi duba ka don ka tambaya ba. Mu nan Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da aka buɗe ma cibiyar kula da masu kansa a 2025, ga asibitin ABU da ke Shika, ga na Malam Aminu Kano, ga na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, kuma likitocin kansa a ƙasar nan ba su da yawa, kusan duk sun san juna, ɗaya zai iya ɗaga waya ya tambayi ɗaya. Akwai kuma hukumar NICRAT a Abuja da aka kafa don bincike da maganin kansa.

Ƙofa ta biyu wayarka ce. Akwai shafin ClinicalTrials.gov na gwamnatin Amurka da ke aiki tun 2000, kyauta ne, kuma ba gwaje-gwajen Amurka kaɗai ke ciki ba har na sauran ƙasashe. Ka rubuta sunan ciwon da Turanci kamar yadda yake a takardar rizal, wajen ƙasa ka sa Nigeria, sannan ka zaɓi waɗanda aka rubuta "Recruiting", wato masu ɗaukar mutane yanzu, in ba haka ba za ka ɓata data kana karanta wanda aka rufe shekara biyar da ta wuce. Kowane gwaji na da lamba mai farawa da NCT sai alƙaluma 8, ka kwafe ta ka kai ma likita. Akwai kuma PACTR, rajistar Afirka da ke Afirka ta Kudu. Gaskiyar da zan faɗa maka tun yanzu don kada ranka ya ɓaci, abin da za ka samu a Najeriya kaɗan ne, kuma yawanci Legas da Ibadan da Ife suke, wasu ma ba na magani ba ne, tambayoyi ne da ɗibar jini kawai. Ka karanta da kyau ka ga ko akwai magani a ciki.

Za ka ga an rubuta "Phase", wato matakin gwajin ba na ciwon ba, shi ma ka gane shi. Mataki na 1 mutane kaɗan ne, 'yan gomomi, abin da ake nema shi ne nawa jiki zai iya ɗauka da irin illar da yake yi, kuma yawanci waɗanda magungunan da aka sani suka gaza ma ake ɗauka, nan kasadar ta fi yawa. Na 2 ana duba ko yana taɓa ciwon kuwa. Na 3 shi ne babba, ɗaruruwa har dubbai, ana gwama sabon da wanda aka saba a ga wa ya fi. Na 4 bayan magani ya shiga kasuwa ne ana ci gaba da sa ido.

A mataki na 3 ne maganar ƙuri'a ke shigowa, kuma ita ce ta fi ba ni wuyar yi ma Gwaggo bayani. Kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu, wasu su samu sabon magani wasu su samu wanda aka saba, ba likita ke zaɓa ba, ba ka da hanya, ba alfarma, ko kai ɗan sarki ne. Ta ce to ai zalunci ne. Na ce mata Gwaggo in manomi na son ya san ko sabon taki ya fi tsoho, ya zuba sabon a fadama tsohon a jigawa, in fadama ta fi yabanya taki ne ko ƙasa? Ta yi shiru ta ce ƙasa ce mana. To haka in aka bar likita ya zaɓa, ko bai yi niyya ba zai tura masu ƙarfin jiki wajen sabon, a ƙarshe a ce magani ne alhali jikin ne. Game da ƙwayar nan da babu magani cikinta, filasibo, wadda mutane ke tsoro, a kansa ba a hana mutum maganin da aka san yana aiki a ba shi holoƙo, in an yi amfani da ita yawanci a kan maganin da aka saba ake ɗora ta, kuma dole a faɗa maka tun farko cewa akwai ta a tsarin.

Ko ka samu gwajin, ba shi ke nan an ɗauke ka ba. Kowanne na da sharuɗɗa masu tsauri, irin ciwo, matakinshi, shekaru, maganin da aka riga aka sha, lafiyar hanta da ƙoda da zuciya, yawan jini, ciwon hanta na B da ƙanjamau, juna biyu. Akwai ma'aunin ƙarfin jiki da ke farawa daga 0, mai hidimarshi kamar kowa, zuwa 4, wanda ke kwance ɗungurungum, kuma yawancin gwaje-gwaje 0 da 1 suke ɗauka, wani lokaci 2. Ka ga ke nan masu cewa bari mu gama zagayen masu magani in abin ya faskara ma nemi gwaji, lokacin ƙofar ta riga ta rufe. A ɗaya gefen kuma, kada ka kuskura ka dakatar da kimo ko tiyata ko gashi wai kana jiran gwaji, sai in likitan da ke duba ka ne ya tsara hakan. Daji ba ya jiran kowa.

To in an ga alamar ka dace, za a kawo maka fom na amincewa, takarda ce mai shafuka da yawa, kuma nan nake son ka ja birki. Ba dole ka sa hannu ranar ba. Ka ce a ba ka kwafi ka je gida, haƙƙinka ne. Ka ce a yi maka bayani da Hausa, in mara lafiyar ba ta karatu a samu shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ya zauna a karanta gabanshi kafin ta dangwala. Kuma mara lafiyar ce ke da ta cewa, a yi shawara da maigida da 'ya'ya da kyau, amma ba miji ko ɗa zai sa hannu a madadin babbar mace mai hankalinta ba, kuma ba a ɓoye mata sunan ciwonta sannan a tura ta gwaji. Wannan ɗabi'ar tamu ta "kada a faɗa mata hankalinta zai tashi" ba ta da wuri nan.

Ni a bayan ambulan na rubuta tambayoyina, ka samu littafi ya fi. Ka tambayi lambar izinin NAFDAC da sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince, da lambar wayar kwamitin, ya kamata tana jikin fom ɗin, nan ake kai ƙara in an cuce ka. Wa ke ɗaukar nauyin binciken? In ban shiga ba wane magani za a ba ni, kuma me ya bambanta su? Wace illa aka gani ga waɗanda suka riga ni? In cikin dare zazzaɓi ya rufe ta muna Daura, wa zan kira, wane asibiti zan kai ta? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, zazzaɓi ga mai shan kimo abin gaggawa ne don garkuwar jiki ta yi ƙasa, ba a cewa bari gari ya waye. In maganin ya yi lahani wa zai biya jinya, akwai inshora? In ya yi amfani kuma gwaji ya ƙare, za a ci gaba da ba ni ko sai na saya? Jinina da tsokata ina za a kai su, har yaushe za a ajiye? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan, wanda ka ga ya fara tsuke fuska yana cewa kai dai sa hannu, ɗauki jakarka.

Sai kuɗi, wanda shi ne ya ja hankalina tun farko in faɗi gaskiya. A ƙa'ida maganin da ake gwadawa da gwaje-gwajen da binciken ya ƙara, masu ɗaukar nauyi ke biya, kuma sau da yawa akwai ɗan kuɗin mota. Amma hidimar yau da kullum, gado, ƙarin jini, maganin amai, wannan ya danganta, sai a rubuce za ka yarda. Ka kuma yi lissafin da babu shi a fom: in kowane sati uku sai kun je, wani lokaci kowane sati, daga Katsina zuwa Kano ma kilomita kusan 170 ne balle Abuja ko Ibadan, ga mai jinya, ga masauki, ga abinci, ga kasuwa ko aiki da za a bari. Gwajin da ba za ka iya zuwa ranakunshi ba kada ka fara shi.

Nan ne 'yan damfara ke shigowa. Wani ɗan uwanmu ya turo mani saƙo a WhatsApp wai ana gwajin allurar da ke kashe kansa kowace iri a ƙasar waje, a tura kuɗin rajista a tanadar mata gurbi. Gwajin gaskiya ba ya sayar da gurbi, ba ya da dillali, ba ya alƙawarin waraka, kuma babu magani ɗaya da ke ma kowace kansa aiki. Ka ce ya ba ka lambar NCT, in ya ba ka ka duba shafin ka ga ko sunan asibitin na ciki, ka tura ma asibitin saƙo da kanka ta adireshin da ke shafin. Ko gwajin na gaske ne a Indiya ko Masar ko Ingila, biza da jirgi da zaman watanni kusa da asibitin a wuyanka suke, kuma a Amurka hidimar da ba ta binciken ba inshorar mutum ake cajin, kai kuma ba ka da ita.

In an shiga, abu ɗaya zan roƙe ka, kada ka ɓoye ma likita abin da ake sha a gida. Zogale, habbatus sauda, tazargade, sassaƙe, jiƙo, garin da maƙwabciya ta kawo daga ƙauye, duk a faɗa. Ba wai raina su ake ba, hanta ɗaya ce ke sarrafa su da maganin asibiti, wani na rage ƙarfin magani wani na sa ya taru a jiki, in hanta ta taɓu kuma a ɗora ma sabon maganin laifi ko a cire ka daga gwajin. Addu'a da tofi babu mai hana ka. Masu sauran haihuwa za a ce su yi tazara har a gama, a tattauna wannan tun kafin sa hannu ba bayan ciki ya shiga ba. Azumi ma a tambaya, wasu ƙwayoyin da lokaci ake shan su. Duk abin da aka ji a jiki, gudawa, ƙuraje, dindiris a yatsu, a rubuta da rana a faɗa, kada a yi dauriya don tsoron kada a cire mutum. Kuma duk ranar da ka ji ka gaji kana da ikon fita ba tare da ba da dalili ba, ba a ci tararka, ba a hana ka maganin da aka saba, sai dai ka faɗa masu don a tsayar da maganin bisa tsari.

Gwaggo dai a ƙarshe ta yarda muka koma, ta sa na karanta mata fom ɗin sau biyu, ta yi ma likitan tambayoyin da ni ban ma yi tunaninsu ba, har da ko za a bar ta ta je Umara in ta samu hali. Aka karɓo bulok aka sake aunawa, ya fito ba ta da HER2, gwajin kuma na masu shi ne, don haka ba a ɗauke ta ba. Amma awon ya nuna tana da ER, aka ɗora ta kan ƙwayar da ake sha kullum bayan ta gama kimo da gashi, mai sauƙin kuɗi ma. Bulok ɗin da takardun suna cikin wata tsohuwar jakar Makka a ƙarƙashin gadonta, kuma duk ƙarshen wata in na je Daura sai ta ce, "Ɗan nan, duba wayar taka, ba su sa wani sabo ba?"